Me ake nufi da "kashi 40 cikin 100 na ruwa"?

Tun da damina ta kankama, kowace waya sai ta nuna ɗan hoton gajimare da lamba a gefensa, wasu masu shirye-shiryen rediyo kuma suna fassara ta yadda suka ga dama. Wani ya ce kashi 40 na gari ne zai jiƙe, wani ya ce ƙarfin ruwan ke nan, har da mai cewa kashi 40 na yini za a kwashe ana zubawa. Duk ba haka ba ne.

Lambar tana faɗin yiwuwar ruwa ne a wuri guda, cikin lokacin da aka ƙayyade. A ma'aunin hukumar yanayi ta Amurka, yayyafin da ya kai kwatan milimita ma ruwa ne. In ka tara ranaku 10 da aka ce kashi 40, ana sa ran ruwa ya sauka a ƙofar gidanka a 4 daga ciki. Ranar da rana ta ƙwalle, mai hasashe bai yi ƙarya ba, cikin shidan nan ta faɗo.

To daga ina lambar take fitowa? Cibiyar hasashen yanayi ta Turai, mai hedikwata a Reading ta Ingila, tana maimaita lissafin yanayi a kwamfuta sau 51, a 50 daga ciki an ɗan taɓa awon farko na zafi ko iska. Dalili kuwa, tun 1963 wani masanin yanayi Ba'amurke, Edward Lorenz, ya nuna cewa ɗan kuskure a farkon lissafi yakan girma har ya ɓata sakamakon gaba ɗaya. In 20 cikin 51 suka nuna ruwa a Katsina, ga kusan kashi 40 nan, kafin masana su ƙara gyara.

A yankin Sahel abin ya fi wuya. Hadari ne ke taso mana daga gabas, ya zuba a wannan unguwa, ya tsallake ta kusa da ita. Kwamfutar kuwa ta yanka duniya gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9, alhali wani hadarin bai kai faɗin haka ba. Tashoshin awo da balan-balan masu auna sararin sama ma sun yi mana ƙaranci.

Shi ya sa lambar gobe da jibi ta isa manomi ya ɗage zuba taki ko feshi, amma ta kwana 10 da wayoyi ke jerawa, a ganina, rabinta ado ne kawai.