Femtosakan: lokacin da ake aunawa da madubi

Ɗalibin fiziks ko kemistiri a Aliero, ko Birnin Kebbi, ko Gusau, da zarar ya fara neman gurbin ƙaro karatu a fannin leza, zai yi ta cin karo da kalmar femtosakan. Ma'anarta a takarda gajera ce: a raba sakan ɗaya gida miliyan dubu, a ɗauki gida ɗaya a sake raba shi gida miliyan. Sifili 15 ke nan, kuma daga nan sunan ya fito, domin "femten" na nufin goma sha biyar a harshen mutanen Denmak.

Haske na cin kilomita 300,000 a sakan ɗaya. Daga Birnin Kebbi zuwa Gusau bai cika masa kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba. Amma a femtosakan 100, maikiromita 30 kacal yake ci (maikiromita kashi ɗaya ne cikin miliyan na mita), abin da bai kai kaurin yawancin silin gashi ba. A irin wannan ɗan lokaci ne ƙwayoyin zarra ke motsi cikin molekul, igiyar da ta haɗa su ta tsinke ko ta ƙullu. Sinadarin retinal da ke cikin ido, alal misali, yana murɗewa cikin kusan femtosakan 200 bayan haske ya taɓa shi, kuma mafarin gani ke nan. Ahmed Zewail, ɗan Masar da ya yi aiki a jami'ar Caltech ta Amurka, ya karɓi kyautar Nobel ta kemistiri a 1999 saboda kallon irin wannan motsi.

To da me ake auna shi? Babu agogo ko kyamarar lantarki da ke iya bin wannan gudu. Dabarar ita ce a mayar da lokaci tazara.

Lezar da aka fi amfani da ita ta lu'ulu'un safaya ce mai ɗauke da titaniyam. Tana fitar da haske mai tsawon zango kusan nanomita 800 (nanomita kashi ɗaya ne cikin dubu na maikiromita), a guntayen walƙiya da ba su wuce femtosakan 100 ba, sau 1,000 a sakan idan an ƙara musu ƙarfi. Madubi mai raba haske yana kasa kowace walƙiya biyu. Ta farko, mai ƙarfi, ita ke tayar da samfurin, wato abin da ake nazari. Ta biyu, mai rauni, leƙe kawai take yi ta ga abin da ya canja. Kafin mai leƙen ta iso, ana bi da ita ta kan madubin da ke bisa ɗan dogo mai injin matsar da shi. A ja madubin baya da maikiromita 15, hanyar ta ƙaru da 30 saboda zuwa da dawowa, sai ta makara da femtosakan 100 daidai. Wanda ya san Argungu zai gane: an buga bindiga, masunta sun afka Matan Fada, mai hoto ya ɗauka. Bambancin shi ne a nan hoto ɗaya tak ake samu a kowane bugu, don haka ana maimaita tseren dubban lokuta, ana matsa madubin kaɗan-kaɗan, sannan a jera hotunan. Wani faifai mai ramuka yana juyawa yana tare walƙiyar tayarwa ɗaya cikin biyu, kwamfuta ta ɗebe "an tayar" daga "ba a tayar ba", ragowar ita ce sakamakon.

Tun da tazara ce agogon, duk abin da ya taɓa tazara ya taɓa awon. Nan ne aikin yake, ba a lissafi ba. Ƙarfen da ke riƙe madubi yana miƙewa da zafi, shi ya sa ake son ɗakin ya tsaya wajen digiri 21 ko 22, kada ya yi sama da ƙasa fiye da digiri ɗaya. A garin da Afrilu ke haura 40, kuɗin sanyaya ɗaki da na tsayayyar wuta sai su zo kafin na lezar kanta. Sanyin da ke zuwa yana ɗaukewa ya fi ɗumi mai tsayuwa ɓarna. Bayan an kunna leza da injin sanyaya ruwanta, a ba su kamar awa ɗaya su daidaita. Mai gaggawar da ya saita madubai kafin nan, da azahar zai tarar walƙiyoyin biyu sun daina haɗuwa a kan samfurin.

Ƙurar hunturu kuwa maƙiyiya ce. Ƙwaya ɗaya ta sauka kan madubi, hasken ya toye ta, ta bar tabon da ba ya goguwa. Gilashi ma yana da nasa: launukan da ke cikin walƙiya ba su gudu ɗaya a cikinsa, saboda haka kowane ruwan tabarau da aka ƙara yana miƙe ta, kuma ƙasa da femtosakan 30 abin yana tsananta. Shi ya sa ƙwararru ke fifita madubi mai lanƙwasa. Idan samfurin narkakke ne, ana karkata fuskar girgizar hasken biyu da digiri 54.7 tsakaninsu, in ba haka ba juyawar molekul cikin ruwa sai ta shiga sakamakon a ɗauka wani abu aka gano.

Haɗarin ido ya fi duka. Hasken nanomita 800 da ƙyar ake ganinsa, ja-ja dishi-dishi, don haka ido ba ya ƙiftawa ya kare kansa, alhali ƙarfinsa ya isa ya ƙone tantanin gani. A cire zobe da agogo, a tattare hannun riga, a sa tabarau na kariya da aka rubuta wannan zangon a jikinsa, a nemi hanyar hasken da katin infrared, wanda ke nuna hasken da ido ba ya gani sosai. Abu ya faɗi ƙasa, a toshe hasken tukuna kafin a sunkuya, domin a tsayin tebur yake wucewa.