Ku Daina Ɓoye Karnukanku Ranar Riga-kafi

Iyayena da 'yan'uwana makiyayan tsaunukan Bale, a ƙasar Habasha, ina yi muku sallama irin ta wanda ya sha madararku kuma ya kwana a bukkokinku. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne gawar kyarkeci da muke ta tsinta a kwarin Web da tudun Sanetti, kuma kusan duk lokacin da aka bi diddigi, sai a tarar cewa ciwon da ya kashe shi, irin su haukan kare, daga karen gida ya fito.

Wannan jan kyarkeci da kuke kira jedala farda babu shi a ko'ina a duniya sai a tsaunukanmu na Habasha masu tsayin sama da mita 3,000, kuma waɗanda suka rage ba su wuce kimanin 500 ba, fiye da rabinsu a nan Bale. Abincinsa ɓeraye ne da gafiyoyin da ke tona ƙasar kiwonku. Galibi mace guda ce kaɗai ke haihuwa a garken kyarketai, sau ɗaya a shekara, saboda haka idan garke ya mutu, sai an yi shekaru kafin wani ya maye gurbinsa. Haukan kare ya kashe kusan kashi uku cikin huɗu na kyarketan kwarin Web a shekarun 1991 da 1992, ya sake yin irin wannan ɓarna a 2003, kuma dattawanku sun gani da idonsu.

To me ya sa har yanzu, idan mu masu yi wa karnuka riga-kafi muka iso ƙauye da allura a cikin akwatin sanyi, sai mu tarar an kora karnuka daji tare da yara? Mun yi tafiyar awowi a kan doki cikin sanyin da ke daskarar da yatsu, ba mu nemi ko sisi ba, amma magidanci mai karnuka huɗu sai ya kawo mana ɗaya, ya ce sauran ba sa yarda a kama su. Wani kuma ya ce allura tana kashe wa kare zuciya, ya daina gadi. Wannan magana ba ta da tushe, kuma na gaji da jin ta. Karen da aka yi wa allura yana haushi yadda ya saba, yana korar kura yadda ya saba. Karen da kuka ɓoye shi ne zai ciji saniyarku, ya ciji ɗanku a ƙofar gida, kuma duk wanda alamun haukan kare suka bayyana a jikinsa, sai dai a yi masa addu'a.

Na san kama kare wahala ne, musamman wanda bai saba da hannu ba, kuma na san aiki ya yi muku yawa lokacin hawa tsauni da garke. Amma sai an yi wa karnuka bakwai cikin kowane goma allura kafin ciwon ya daina yawo, kuma ɓoye uku a kowane gida yana rusa aikin gaba ɗaya.

Ku ɗaure karnuka tun daren jajibirin zuwanmu, manya da ƙwikwiyoyi duka. Ku ciyar da su a gida, kada su bi ku kiwo cikin gandun daji. Wanda kare ya ciza, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a kai shi asibiti a ranar. Idan kun ga mataccen kyarkeci ko wanda yake tangaɗi, kada kowa ya taɓa shi, ku aika wa ma'aikatan gandun daji a Dinsho nan take.