Takarar sherif a Amurka: amsar tambayoyin da kuke ta maimaita mini

Tun da allunan 'yan takara suka fara tsirowa a ƙofar gidajen unguwarmu nake amsa tambayoyi iri ɗaya, a harabar masallaci bayan Juma'a, a waya da tsakar dare. Ga su nan a wuri guda. Don Allah a karanta kafin a sake kirana.

Sherif ɗin nan sharifi ne?

A'a. Babu abin da ya haɗa shi da sharifai. Sunan daga tsohuwar Ingila ya fito, wakilin sarki ne mai kula da yanki.

Mene ne aikinsa?

Shi ke riƙe da gidan yarin gunduma da tsaron kotu, yaransa ke kai sammaci, su ke fitar da ɗan haya idan alƙali ya yanke hukunci, su ke sintiri a garuruwan da ba su da 'yan sandan kansu.

Gwamna ke naɗa shi?

Jama'a ke zaɓensa a kusan duk jihohi, galibi na shekara 4, a Massachusetts 6. Sun haura 3,000 a ƙasar. Ku daina kwatanta shi da kwamishinan 'yan sanda da ake turowa daga Abuja. Wannan ƙuri'a ce ta kawo shi, ita ke sauke shi.

Ina da katin zama na dindindin, zan iya jefa ƙuri'a?

Ba za ka iya ba. Na faɗa, na sake faɗa. Ko wani ya miƙo maka takardar rajista a bakin kanti yana murmushi, kada ka sa hannu sai ka zama ɗan ƙasa. Ƙuri'a ɗaya tana iya jawo a kore ka daga ƙasar, ta rushe wahalar shekara goma.

Ɗana mataimakin sherif ne, yana son ya kara da maigidansa. Sai ya ajiye aiki?

Nan ne ba na son gaggawa, domin amsar ta danganta da jihar da yake. A Florida doka ta fito fili: mataimakin da zai kara da maigidansa mai neman tazarce sai ya ajiye aiki daga ranar da aka karɓi takardunsa na takara. Wasu jihohin hutu ba albashi ake ɗauka, wasu kuma ƙa'idar gunduma ce ke magana. Akwai kuma dokar Hatch ta tarayya mai hana wasu ma'aikatan gwamnati tsayawa takara, wadda tun gyaran 2012 ta fi shafar wanda duk albashinsa daga kuɗin tarayya yake fitowa, idan takarar ta jam'iyya ce. To ko doka ba ta ce ya sauka ba, za a iya korarsa? A 1976, a shari'ar Elrod da Burns da ta taso daga ofishin sherif na gundumar Cook, Kotun Ƙoli ta hana korar ƙananan ma'aikata saboda jam'iyyarsu. Amma a 1997 kotun ɗaukaka ƙara mai kula da North Carolina ta ce mataimakan sherif masu ɗauke da ikonsa ana iya sallamarsu kan siyasa. Ka ga ke nan kariyar ba ta kai yadda ake zato ba. Sai ɗanka ya ga lauyan da ya san dokar ƙwadago ta jiharsa kafin ya buga allo ko ɗaya, ya tanadi abin da iyali za su ci na wasu watanni, kuma kada ya kuskura ya yi kamfe da kaki ko motar aiki. Ka kwantar da hankalinka, Alhaji, mataimaka da yawa sun bi wannan hanya sun ci.

Dole sai wanda ya taɓa sa kaki?

A California yanzu dole ne, a wasu jihohin ba dole ba. Michael Hennessey lauyan fursunoni ne, ya riƙe San Francisco daga 1980 zuwa 2012, domin ya hau tun kafin California ta kafa wannan sharaɗi.

Amma ai mai shekara talatin a aiki ya fi cancanta?

Wannan maganar ce ke ɓata mini rai. Joe Arpaio ya daɗe a hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi kafin ya riƙe gundumar Maricopa shekara 24, ya tsare mutane a tantuna cikin zafin Arizona. Jama'a suka kayar da shi a 2016, a 2017 aka same shi da laifin raina kotu kan farautar baƙin haure, Trump ya yi masa afuwa. Lee Baca na Los Angeles ya tsufa a cikin kaki, ya ƙare da ɗaurin shekara 3 saboda yi wa binciken FBI kan gidajen yarinsa zagon ƙasa. Gogewa tana da amfani, ban musa ba. Garry McFadden tsohon mai binciken kisan kai ne a Charlotte, amma abin da ya ja masa jama'a a 2018 shi ne alkawarin soke yarjejeniyar 287(g) da hukumar shige da fice, wadda ke ba yaran sherif damar taya hukumar aikinta kan baƙin haure, kuma yana hawa ya soke ta.

To me zan tambayi ɗan takara idan ya zo masallaci?

Kada ku tsaya ɗaukar hoto da shi kawai. Ku tambaye shi mutum nawa suka mutu a gidan yarin gunduma bara, nawa uwa ke biya ta ji muryar ɗanta na minti 15, ko mai azumi yana samun sahur a kan lokaci, ko ana cire wa mace ɗankwali a gaban maza wajen ɗaukar hoto, da matsayinsa kan 287(g). Wani ya rubuta amsoshin a takarda da kwanan wata, a ba limam ya ajiye.