Haɗa faifai a saba: wane RAID za a zaɓa, kuma me ya sa?

Sabuwar saba, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, wadda wasu ke kira uwar garke, ta iso ofis da gurbin faifai takwas a gabanta. Kafin a ɗora mata Windows Server ko Linux, sai an yanke shawarar yadda faifan za su zauna da juna. Shawara ce mai wuyar warwarewa idan aiki ya riga ya kankama.

Mene ne RAID ɗin ma tukuna?

Dabara ce ta haɗa faifai da yawa su bayyana wa kwamfuta tamkar guda ɗaya, don ƙarin sauri, ko don kada mutuwar faifai ɗaya ta tsayar da aiki. Sunan ya yaɗu ne daga wata takarda da David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka fitar a 1988. Hujjarsu ita ce, tarin ƙananan faifai masu araha zai iya yin aikin babban faifai mai tsada.

Lambobin nan, 0 da 1 da 5 da 6 da 10, me suke nufi?

Ba daraja suke nunawa ba, salo ne kawai. RAID 0 yana yayyanka bayanai ya rarraba wa faifan duka. Akwai sauri, amma faifai ɗaya ya mutu, komai ya tafi. RAID 1 faifai biyu ne masu ɗauke da abu iri ɗaya, shi ya sa aka fi sa shi ga faifan da saba ke tashi da su. RAID 5 yana buƙatar aƙalla faifai uku, yana ajiye wani lissafi da ake kira fariti wanda da shi ake dawo da abin da ke kan faifai ɗaya idan ya lalace. RAID 6 fariti biyu yake ajiyewa, don haka yana jure rashin faifai biyu. RAID 10 kuwa tagwaye ne ake jerawa, kowane faifai da abokinsa.

A ce faifan takwas ne, kowanne terabait 12. RAID 5 zai ba ka 84, RAID 6 ya ba ka 72, RAID 10 kuma 48 kacal. Kada kuma ka tayar da hankali idan faifan terabait 12 ya nuna 10.9 a allo. Ba cutar ka aka yi ba, masu ƙera faifai da dubu suke ƙirga, kwamfuta kuma da 1,024.

To ai RAID 5 ya fi ba da wuri. Me ya sa masana ke gudun sa?

Saboda ranar da faifai zai mutu. Ka cire mataccen ka sa sabo, sai saba ta fara sake gina shi, kuma ba za ta iya ba sai ta karanta sauran bakwai ɗin daga farko har ƙarshe, wato terabait 84. Ko da faifai na rubuta megabait 200 a daƙiƙa, cika terabait 12 zai ci kusan awa 17, wannan kuma idan babu mai amfani da sabar ke nan. Idan ma'aikata na kanta, kwanaki za a yi.

Duk tsawon wannan lokaci ba ka da sauran kariya. Ga faifan suna shan wahalar da ba su saba ba, ga shi yawanci rana ɗaya aka sayo su, shekarunsu ɗaya, gajiyarsu ɗaya. Ƙari a kan haka, masu ƙera faifan gida kan rubuta cewa ana iya cin karo da gurbin da ba ya karantuwa sau ɗaya a cikin kimanin terabait 12.5, na manyan saba kuwa sau ɗaya a cikin kimanin terabait 125. Gurbi ɗaya irin wannan a tsakiyar sake gini ya isa ya ɓata fayil, wani lokaci ma ya tsayar da ginin gaba ɗaya. A ganina, faifai masu juyawa da suka wuce terabait biyu ko uku ba su da hurumi a RAID 5.

Tsakanin 6 da 10 fa?

Aikin sabar ne zai raba gardama. Kowane ƙaramin rubutu a RAID 6 yana jawo karatu da rubutu har sau shida a kan faifan, a RAID 10 kuwa sau biyu ne. Rumbun bayanai mai yawan rubutu, irin na banki ko asibiti, RAID 10 ya fi dacewa da shi. Ajiyar takardu da bidiyon kyamarar tsaro, RAID 6 ya wadatar.

Idan ina da RAID, sai na sake ajiye kwafi a wani wuri?

Ƙwarai kuwa. Fayil ɗin da aka goge bisa kuskure, nan take yake gogewa a kan faifan duka. Haka ma manhajar masu garkuwa da bayanai, haka gobara.

Katin RAID ko manhaja?

Ana iya gudanar da RAID da kati na musamman a cikin sabar, ko da manhaja. Sabar Dell na zuwa da katin PERC, ta HPE kuma da Smart Array, kuma ana iya tsara su daga nesa ta iDRAC ko iLO, wato hanyoyin da Dell da HPE suka tanada don sarrafa saba. A ɓangaren manhaja kuwa, a Linux akwai mdadm, akwai kuma ZFS. Shi ZFS so yake ya ga kowane faifai kai tsaye, don haka sai a mayar da katin yanayin HBA, inda yake miƙa faifan kawai ba tare da ya haɗa su ba, kada a ɗora shi a kan RAID na kati.

Abin lura a kati shi ne ma'ajiyarsa ta wucin gadi. Yana karɓar rubutu ya ce an gama, alhali bai kai shi kan faifai ba tukuna. Batirin katin ne ke riƙe wannan bayani idan wuta ta ɗauke. A inda wutar NEPA ke zuwa tana tafiya, janareta kuma bai tashi nan take, wannan batiri da na'urar UPS ba abin wasa ba ne. Idan batirin ya mutu, katin kan daina wannan dabara da kansa, sai ka ji ana ƙorafin saba ta yi nauyi ba a san dalili ba.

Faifan ko-ta-kwana ya zama dole?

Idan sabar tana nesa da kai, e. Faifai ne da ke zaune babu aiki, da zarar wani ya faɗi sai ya maye gurbinsa ba tare da jiran kowa ba. Amma ka kunna saƙon gargaɗi ta imel. Sau da yawa fitilar ruwan lemo kan yi watanni tana ƙiftawa a ɗakin da ba mai leƙawa, sai faifai na biyu ya bi sahu sannan a farga.

Katin ya ƙone. Bayanaina sun tafi ke nan?

A'a. Tsarin RAID ɗin yana rubuce a jikin faifan kansu. Ka samo kati irinsa ko sabon samfuri na kamfanin, ka lika wa kowane faifai lambar gurbinsa kafin ka zare shi. Sabon katin PERC zai nuna faifan a matsayin baƙi, da kalmar Foreign, ya ba ka zaɓi biyu. Import ne ke dawo da tsarin yadda yake. Clear kuwa share tsarin yake yi, kuma su biyun suna kusa da juna a allo, don haka ka karanta sau biyu kafin ka danna.