Sarautar Duke na Norfolk

Duke na Norfolk ita ce gaba da kowace sarauta mai muƙamin Duke a jerin sarautun gado na Ingila, in an cire na 'ya'yan gidan sarki. Zuriyar Howard ce ke riƙe da ita tun 1483, kodayake an sha ƙwace ta ana mayar musu. Sunan sarautar na gundumar Norfolk ne da ke gabashin ƙasar, amma mazaunin iyalin shi ne fadar Arundel a Sussex ta Yamma, can kudu. Mai sarautar shi ne kuma Earl na Arundel, kuma shi ne Earl Marshal, wato mai shirya manyan bukukuwan masarauta.

Kafin gidan Howard

Sarki Richard na II ne ya ƙirƙiri sarautar a 1397 don Thomas Mowbray. Shekara guda bayan haka aka kore shi daga ƙasar saboda rikicinsa da Henry Bolingbroke, ɗan baffan sarkin, ya rasu a Venice a 1399, aka kuma soke sarautar. An mayar wa ɗansa John sarautar a 1425, ta zauna a gidan har 1476 da maza suka ƙare. 'Yar da ta rage, Anne, an ɗaura mata aure tana shekara biyar da Richard, ƙaramin ɗan Sarki Edward na IV, wanda aka ba sarautar. Anne ta rasu a 1481, shi kuma yana ɗaya daga cikin yara biyun da suka ɓace a Hasumiyar Landan a 1483. Har yau ana saɓani kan wanda ya kashe su.

Hawan gidan Howard

Asalin gidan ana kai shi ga Sir William Howard, alƙali daga Norfolk da ya rasu wajen 1308. Aure ne ya ɗaga su: mahaifiyar John Howard 'yar Thomas Mowbray ce. A watan Yunin 1483 Richard na III ya naɗa John, wanda aka haifa wajen 1425, kuma bai yi butulci ba, domin tare suka mutu a yaƙin Bosworth ranar 22 ga Agusta 1485. Sabon sarki, Henry na VII, ya soke sarautar, ya tsare Thomas, ɗan John, a Hasumiya.

Thomas ya fito ya bauta wa sabon gidan sarauta na Tudor shekaru da dama. Yana da kimanin shekara 70 ya ja rundunar Ingila zuwa yaƙin Flodden a Satumban 1513, inda aka kashe Sarki James na IV na Skotland. Ladansa shi ne mayar masa da sarautar a 1514, aka kuma ƙara wa tambarin gidan hoton zakin Skotland da kibiya a baki.

Zamanin Tudor

Nan ne tarihin gidan ya fi nauyi, ya kuma fi ban tausayi. Duke na uku, ɗan Thomas, ya ga 'yar ƙanwarsa Anne Boleyn da 'yar ƙanensa Catherine Howard sun auri Henry na VIII, ya ga an fille wa dukansu kai, a 1536 da 1542. Shi da kansa ya shugabanci shari'ar Anne. A Disamban 1546 abin ya juyo kansa, aka kama shi da ɗansa Henry, Earl na Surrey, mawallafin waƙoƙin da ake ji da shi a adabin Ingilishi. An kashe ɗan a Janairun 1547. Uban ya tsira ne don sarki ya mutu ranar 28 ga watan kafin a zartar da hukunci. Ya zauna a tsare har Sarauniya Mary ta sake shi a 1553.

Jikansa, Duke na huɗu, ya nemi auren Mary sarauniyar Skotland ba da yardar Elizabeth ta I ba, sunansa ya fito a maƙarƙashiyar Ridolfi ta tumɓuke Elizabeth, aka fille masa kai a 1572. Ta hanyar matarsa ta farko, Mary FitzAlan, fadar Arundel ta shigo gidan. Ɗansu Philip ya rungumi ɗarikar Katolika a lokacin da hakan kasada ce, aka kama shi a 1585 yana ƙoƙarin barin ƙasar ta teku. Ya shekara goma a Hasumiya har ya rasu a 1595, bai sake addini ba. Paparoma Paul na VI ya sa shi cikin waliyyan Cocin Katolika a 1970.

Dawowar sarauta da batun addini

Shekara 88 babu Duke na Norfolk, sai a 1660 Charles na II ya mayar da ita ga Thomas Howard, mai taɓin hankali da ke zaune a Padua ta Italiya. A 1672 muƙamin Earl Marshal ya zama na gado a gidan.

Mafi yawan masu sarautar sun tsaya kan Katolika, kuma sun biya kuɗin hakan. Doka ta hana su zama a majalisa, aikin Earl Marshal ma sai wakili ɗan Furotesta ya yi musu. Wata doka ta 1824 ta ba Duke na 12 damar yin aikin da hannunsa, ta 1829 ta buɗe wa Katolika ƙofar majalisa. Wasu kaɗan, kamar na 11 da na 13, sun koma Cocin Ingila. Iyalin sun fara amfani da sunan FitzAlan-Howard a 1842. Duke na 15 ya sake gina yawancin fadar Arundel, ya kuma gina cocin garin wanda ya zama babban coci a 1965.

Ƙarni na 20 zuwa yau

Bernard, Duke na 16, shi ya shirya naɗin George na VI a 1937 da na Elizabeth ta II a 1953, da jana'izar Winston Churchill a 1965. 'Ya'ya mata huɗu ya bari, sarautar kuwa ta maza take bi, don haka a 1975 ta koma ga ɗan uwansa na nesa, Miles, Manjo-Janar na soja. Ɗan Miles, Edward, ya gaje shi a 2002 a matsayin Duke na 18, kuma shi ya kula da jana'izar Elizabeth ta II a 2022 da naɗin Charles na III a 2023.