Badami

Badami gari ne a gundumar Bagalkot ta jihar Karnataka, a kudancin Indiya. Sunansa na dā Vatapi. Ƙidayar shekarar 2011 ta nuna yana da mutane kimanin 31,000, akasarinsu masu magana da harshen Kannada. Garin yana kwance a bakin wani kwazazzabo tsakanin jajayen duwatsu biyu, da tafki a tsakiya. An fi saninsa da koguna huɗu na bauta da aka sassaƙa a jikin dutse daga ƙarni na 6 na miladiyya, lokacin da yake babban birnin daular Chalukya.

Tarihi

Sarki Pulakeshin na I ne ya kafa mulkinsa a nan. Wani rubutu da ke jikin dutse, mai ɗauke da shekarar da ta yi daidai da 543, ya ambaci yadda ya yi wa tudun ganuwa. Dalilin zaɓen wurin a bayyane yake: duwatsu sun tsare shi ta ɓangarori uku, ga kuma ruwa a ciki. Daular ta kai ƙololuwa a zamanin Pulakeshin na II (610 zuwa 642), wanda ya tare Sarki Harsha na arewacin Indiya a gaɓar kogin Narmada, ya hana shi kutsawa kudu. Amma a 642 Narasimhavarman na I, sarkin Pallava daga Kanchi, ya ci Vatapi da yaƙi, har ya bar rubutunsa a jikin wani dutse a garin. Sai a wajajen 655 Vikramaditya na I ya dawo da sarautar Chalukya, ta ci gaba har tsakiyar ƙarni na 8, sa'ad da sarakunan daular Rashtrakuta suka kawar da ita.

Daga nan garin ya yi ta sauya hannu: daular Vijayanagara, sarakunan Musulmi na Bijapur, daular Maratha, Tipu Sultan na Mysore, sannan Turawan Ingila. Ragowar ganuwar da ke bisa tuddan ta haɗa aikin zamuna daban-daban.

Kogunan

Ba a ɗora dutse kan dutse ba wajen yin waɗannan ɗakunan bauta. Magina sun fuskanci gefen dutsen da guduma da ƙarfen sassaƙa, suna cirewa suna shiga ciki, suna barin ginshiƙai da gumaka a inda suke. Wanda ya rage dutse fiye da kima ba shi da hanyar mayarwa. Dutsen na yashi ne, yana da sauƙin sara, shi ya sa aikin ya yi laushi haka. Tsarinsu iri ɗaya ne: baranda mai ginshiƙai, sai zaure, sai ɗan ƙaramin ɗaki mai duhu can ƙurya inda ake ajiye abin bauta. An jera su a kan dutsen kudu, matakala na haɗa su, ana kiransu da lamba daga ƙasa zuwa sama.

Kogo na 1 na Shiva ne, ɗaya daga cikin manyan abubuwan bautar Hindu. A gefen ƙofarsa akwai siffar Shiva yana rawa da hannaye 18, tsayinta wajen mita ɗaya da rabi. Kowane hannu da yadda ya karkata, wasu riƙe da makami, wasu a sake. A ƙasa ga makaɗi da ganga, ga Ganesha mai kan giwa, ga bijimin Nandi. Wannan siffa ce aka fi ɗauka hoto a Badami. Kogo na 2 na Vishnu ne, wani babban abin bautar Hindu, ya fi na 1 ƙanƙanta, kuma yana nuna shi a siffar aladen daji yana ɗago ƙasa daga teku, da kuma inda ya ɗaga ƙafa ɗaya sama zai auna duniya da taku uku, kamar yadda labaran Hindu suka faɗa.

Kogo na 3 shi ne mafi girma, kuma shi ne mafi muhimmanci ga masana tarihi. A jikinsa akwai rubutun Mangalesha, ƙanen Sarki Kirtivarman na I, wanda ya nuna an keɓe shi ga Vishnu a 578. Kogunan Hindu na wancan zamani masu ɗauke da tabbatacciyar shekara ba su da yawa, don haka da shi ake auna shekarun wasu ayyukan sassaƙa na yankin Deccan, wato tudun kudancin Indiya. A barandarsa ana ganin Vishnu zaune a kan naɗaɗɗen maciji mai kawuna da yawa, da Narasimha, siffarsa mai kan zaki, a tsaye. A saman ginshiƙai an sassaƙa maza da mata biyu-biyu a ƙarƙashin itatuwa, da kitsonsu da kayan adonsu, abin da ke nuna irin shigar fadawa na lokacin. Wanda ya ɗaga kai zai ga ɓurɓushin fenti a rufin baranda: asali kogon a shafe yake da zane mai launi, yawancinsa ya goge.

Kogo na 4 na mabiya addinin Jain ne, kuma shi aka sassaƙa daga baya. A ciki akwai siffofin magabatan addinin: Mahavira a zaune, da Parshvanatha da kumurci ya yi masa inuwa, da Bahubali wanda ya daɗe tsaye yana ibada har tsirrai masu yaɗo suka naɗe masa ƙafafu. Daga bakinsa ake hango garin da tafkin gaba ɗaya.

Tafki da sauran gine-gine

Tafkin Agastya haƙa shi aka yi, an kewaye shi da matakalar dutse, kuma har yanzu mata na wanki a bakinsa. A gabashinsa akwai haikalin Bhutanatha, wanda ruwa kan taɓa matakalarsa da damina. A tudun arewa akwai haikalin Malegitti Shivalaya da wasu biyu, waɗanda aka gina su da tubalan dutse a ƙarni na 7. Maziyarci da ya tsaya a kogunan kaɗai ya ga rabin labari ne, domin a nan ake ganin yadda magina suka fita daga cikin dutse suka fara gini a fili. An ci gaba da wannan gwaji a Aihole, mai nisan kilomita 35, da Pattadakal, mai nisan kilomita 22, inda ake naɗin sarakunan Chalukya. UNESCO ta sa Pattadakal cikin wuraren tarihi na duniya a 1987. A gindin tudun arewa akwai ƙaramin gidan tarihi na hukumar kula da kayan tarihi ta Indiya, wadda ita ke riƙe da kogunan.

Ziyara

Tashar jirgin ƙasa tana wajen kilomita 5 daga gari, a kan layin Gadag zuwa Vijayapura, kuma ana shiga gari a babur mai ƙafa uku, irin a-daidaita-sahu. Filin jirgin sama mafi kusa yana Hubballi, kilomita 100 da 'yan kai. Daga Oktoba zuwa Fabrairu ne aka fi jin daɗin zuwa. A Afrilu da Mayu dutsen yana ɗaukar zafi ƙwarai. Ana sayen tikiti, kuma baƙi daga ƙasashen waje suna biyan fiye da 'yan ƙasa. Matakalar tana da tsayi ga tsofaffi, birai kuma suna fizge leda ko kwalbar ruwa daga hannun mutum, don haka a sa abinci cikin jaka. Yini ɗaya ya isa ga kogunan da tafkin, amma Aihole da Pattadakal suna buƙatar nasu yinin. Abincin yankin gurasar dawa ce da ake kira jolada rotti, ana ci da miyar gauta da yaji.