Gano yoyon ruwa ta hanyar duba kwantar

Gano yoyo ta kwantar wata dabara ce da mai gida ko mai ma'aikata ka yi dan ya san ko ruwan pampo na zuba wani wuri a ɓoye, ba tare da ya jira faktir, wato takardar kuɗɗin ruwa, ta zo ba. Kwantar dai ita ce na'urar nan mai murfi da kamfanin ruwa ka girka a bakin gida, wadda 'yan Najeriya ka ce ma mita, duk ruwan da ya shiga gida sai ya ratsa ta cikinta ta ƙirga shi. Abin da ya sa dabarar ke aiki shi ne kwantar ba ta san bambancin ruwan da anka sha da wanda ƙasa ta shanye ba, duka lissahi ɗaya ne kuma mai gida ka biya.

A Nijar kamfanin SPEN ke da kayan ruwan birane, rabawa da karɓar kuɗɗi kuwa kamfanin SEEN ya riƙe tun 2001, har kamfanin NDE ya gaje shi a 2024. Ƙa'idar da anka saba da ita ita ce hwashewar da ke gaban kwantar, wato ɓangaren titi, ta kamfani ce, wadda ke bayanta kuwa daga kwantar zuwa cikin gida ta mai gida ce, gyaran nashi ruwan ma nashi.

Yadda ake karanta ta

In ka ɗaga murhin za ka ga lambobi kala biyu. Baƙaƙen su ne metir kib, su ne ma'aikaci ka rubuta in ya zo zagaye. Metir kib ɗaya litir 1,000 ne, wato tano 5 mai cin litir 200, ko bido 40 irin na 'yan garuwa mai litir 25. Jajayen lambobi ko ƙananan allurai su ka nuna litoci, kuma su ne abin kallo ga mai neman yoyo dan baƙaƙen ba su saurin motsi. Da yawa cikin kwantar akwai wata 'yar taurarowa ko ɗan faifai a tsakiya da ka juyawa ko ruwa kaɗan ya wuce, mutane da dama sun shekara da kwantar a ƙofar gida ba su taɓa lura da ita ba, sai dai yara su ɗora ƙafa bisa murhin.

Gwaji

A rufe kowane pampo, a hana kowa shiga bayi, in akwai tanki a sama a rufe hanyar da ka cika shi, sannan a tsaya a kalli taurarowar nan minti biyu zuwa biyar. In tana tsaye cik, to babu babban yoyo. In tana juyawa a hankali kuma babu mai ɗibar ruwa, akwai inda shina zuba.

Ƙaramin yoyo kuwa wani lokaci ba shi juya ta yadda ido zai gani, sai a yi gwajin dare. Bayan isha'i in kowa ya gama ɗiba a rubuta lambobin duka har jajayen, ko a ɗauki hoto da salula wanda ya hi sauƙi, da asuba kahin a buɗe na alwala a sake dubawa. Misali ƙarhe 11 na dare ta nuna 412 da litir 350, ƙarhe 6 na sahe ta koma 412 da 560, litir 210 kenan cikin awa 7, rabin litir kowane minti. Rabin litir ba wani abu ba ne a ido, ko kofin shan hura bai cika ba, amma a yini da kwana litir 720 ne, a wata mai kwana 30 litir 21,600, bido 864 kenan da babu wanda ya sha ko ya yi wanki da su. Kuma da yake kuɗɗin ruwa mataki mataki ne, metir kib 10 na farko su ne masu rahusa, abin da ya haura sai farashi ya ƙaru, to yoyo shina tura gida matakin tsada ko da mutanen gidan ba su ƙara komi ba.

Dare ya hi dacewa dan wani dalili kuma, lokacin gari ya yi barci ruwa shina ƙara ƙarhi cikin tiyo, tsagar da ke ɗiga da rana sai ta riƙa tsartuwa. Su kansu kamfanonin ruwa da haka suke gano yoyon unguwa, su auna ruwan da ka shiga tsakanin ƙarhe 2 da 4 na dare.

Akwai abu guda da ka ruɗa mutane. In an ɗauke ruwa aka maido, iskar da ta taru cikin tiyo tana iya juya kwantar, dan haka daren da anka yi yanke ba daren gwaji ba ne, a bari sai gobe.

Inda ruwan ka ɓuya

Wanda ya hi cin mutane shi ne tankin bayin zamani, roba ta tsufa ruwa na silalewa cikin kwano ba ƙara ba komi. Ana gane shi in an zuba bula ko ruwan zoɓo cikin tankin a bari minti 15 ba a ja ba, in kalar ta sauko ƙasa to robar ta mutu, kuma canjinta bai kai kuɗɗin cehanen yini ba. Sai tankin sama da abin tsaida ruwanshi ya lalace, ya cika ya riƙa ambaliya da dare bayan ɗaki. Sai pampo mai ɗiga, wanda hukumar kare muhalli ta Amurka ta lissafa cewa ɗigo ɗaya kowane sakan shina haura galan 3,000 a shekara, sama da litir 11,000.

Na cikin ƙasa shi ne mai wuyar sha'ani, musamman a Maradi inda unguwanni irin su Zariya da Ali Ɗan Sofo ƙasar rairayi ce, ruwa na nutsewa ba shi tasowa sama balle a ga taɓo. Tiyon roba da ba a binne da zurhi ba kurar shanu ko mota ta taka shi, ko saiwar bedi ta matse shi, ko na ƙarhe ya yi tsatsa wurin haɗi. Alamunshi ciyawa kore shar a wuri guda tsakiyar watan Afirilu, ko gindin katanga da ba shi bushewa, in ginin laka ne ma abin tsoro ne dan sai ya zauna. Kahin a kira plombiye, wato mai gyaran pampo, ya hau tonon tsakar gida, in gidan na da makullin ruwa a kowane ɓangare sai a riƙa rufe su ɗaya ɗaya ana duba taurarowar, wanda anka rufe ta tsaya to nan ne.

Gidan haya mai kwantar ɗaya, inda ake raba faktir bisa yawan ɗakuna, nan ne rigima ka tashi ana zargin mai yawan wanki. Makarantu da masallatai kuma gwajin nasu ya hi sauƙi, makaranta a rubuta lamba ranar Juma'a da yamma a duba Litinin da sahe, masallaci kuwa tsakanin isha'i da kiran assalatu.